Shekarar da Babanku Ya Yi Goyo

Mutari, da kai zan fara, don kai ka tayar da maganar. Ranar sunan ɗiyar Usaini kana zaune bayan darni da abokanka, kana tsammanin kunnena ya tafi tare da haƙorana, ka ce da babanku namiji ne kamar maza, da yanzu gonar kwari taku ce, da ku ne kuke lodin tumatir zuwa Agiye ba ɗiyan Baba Nomau ba. Wani ya ƙara da cewa ai kowa ya sani ƴar Fulani ce ta mallake shi. Aka yi dariya, kai ma ka yi. Ban tanka maka ba, don gida cike yake da baƙi kuma ina tsakiyar rabon fura. Amma abin ya tsaya mini a wuya har yau. To ga shi na ɗauko alƙalami, karatun yaƙi da jahilcin da kuka riƙa yi mini tsiya a kansa yau zai yi rana. Ku karanta ku duka, har da Hassana can Gidan Rumji. Gonar kwari ta fita hannunmu, wannan gaskiya ne, kuma babanku ne ya sake ta da hannunsa, ba wanda ya ƙwace. Yadda aka yi ne ba ku sani ba.

Mu mutanen ruga ne, kun sani. Kowane rani Baffana yana kwantar da shanunsa a gonakin gidan su babanku kusa da Gangara, shanu su ci kara su bar taki, su kuma su ba mu hatsi. Ni ce mai kai nono kasuwa. A nan na fara ganin babanku, kuma in faɗa muku gaskiya ba abin kallo ba ne a lokacin. Gajere ne, ga kunnuwa, ga riga ɗaya tal. Samarin ruga suna da tsayi da kitso da sanda, shi ko akuya ba shi da ita. Sai baki. Kai, Allah ya yi wa bawan nan baki! Zai zo ya sayi nono ludayi guda ya zauna a kansa tun hantsi har azahar, har ƴan uwana suka fara cewa, Dije, ga kaɗonki nan ya iso. Wata kasuwa ya zo da wani abu a naɗe cikin tsumma, ya tsuguna ya kwance a hankali kamar mai kwance laya. Tsofaffin takardu ne, sun yi ja, gefensu ya guntule, kowace da zanen mutane a jikinta.

Kakanku, wanda ban riske shi ba, ya yi aikin kuku a gidan wani kumandan a Tasawa zamanin Nasara. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar tarkace, a cikin tarkacen kakanku ya tsinci takardun nan ya adana a adakarsa. Ya bar ɗiya maza biyu, Nomau babba da babanku. Nomau ya tashi da jin kunyar aikin ubansa, don yara sun sha ce masa ɗan mai dafa wa Nasara miya, ya sha dambe a kan haka har akwai tabon a goshinsa. Babanku kuwa a gindin murhun tsohon ya girma. Ya iya hura wuta da ɗanyen ice, ya san gishirin miya da ido, amma bai taɓa bari kowa ya gani ba. Ku riƙe wannan, don ba za ku gane Baba Nomau ba in ba ku san shi ba.

Takardar farko da ya nuna mini, wani Bature ne mai dogon hanci ya durƙusa gwiwa ɗaya a ƙasa, hannu a ƙirji, baki buɗe, a gaban wata mace. Ita macen daga ƙugu zuwa sama siririya, daga ƙugu zuwa ƙasa kuwa faɗinta kamar rumbu. Ba ma kallonsa take ba, idonta yana kan wani mai doguwar hula da ke wucewa a baya. Ni ban san tufa ce ba, na ɗauka haka Allah ya halicci matansu. Na dafe ƙirji na ce:

"Wayyo ni! To ta yaya take shiga ɗaki?"

"Ba ta shiga," in ji babanku, ko murmushi babu. "A waje ake gina ta, sannan a yi mata jinka."

Na yi dariya har na kusa kifar da ƙwaryar nono. Daga ranar muka sa musu suna, Dogon Hanci da Madam Rumbu. Kowace kasuwa takarda ɗaya yake kawowa, don ya ja zancen. Akwai wadda Dogon Hanci yake miƙa hannu yana son ya kamo hannun Madam, faɗin tufarta ya hana shi isa, ya yi ɗage har hularsa ta faɗi. Akwai wadda ta ɗora masa kaya har ba a ganin fuskarsa, ita tana gaba da ɗan kare a hannu. Akwai rubutun Faransanci a ƙasan kowace, mu duka ba mai karantawa, sai babanku ya riƙa sa musu magana daga kansa. Ya maƙale murya ya yi ta Madam, ya toshe hanci ya yi ta mijin. Wata rana ya biyo ni har bakin ruga, a gaban shanun Baffa ya zube gwiwa ɗaya ya dafe ƙirji ya buɗe baki. Na yar da faifai na ruga ɗaki don kunya. Amma a ɗakin nan na san na gama yawo. Na so shi, ɗiyana. Ban taɓa faɗa da baki ba, mu ba ma faɗa, amma takarda ba ta da ido. Na so shi ƙwarai.

Akwai takarda guda da ba ya wasa da ita. Wani mutum ne ɗaure da farin ƙyalle a gaba, hannu ɗaya yana juya tukunya, ɗaya hannun ya rataye jariri yana tsala ihu. A bakin ƙofa mace ce sanye da wando da hular maza, takarda a hamata, za ta fita. Babanku ya ce wannan kuku ne irin tsohonsu, uwargijiyarsa za ta unguwa ta bar masa gida. Yana ganin girmamawa ce, a ce har an zauna an zana mai irin aikin ubansa. Da aka yi aurenmu ya liƙa ta da ƙaro a murfin adakata daga ciki.

Daminar da ta biyo baya ita ce shekarar da nake son ku ji. Mutanenmu sun ɗaga da shanu tun farkon ruwa sun yi arewa, can gaba da Dakwaro, don haka ba inda za a kai ni wankan gida. Uwar babanku ta rasu da daɗewa. Mace ɗaya ce babba a gidan, Yaya Habsu matar Nomau, kuma Allah ya jiƙanta, ta riƙe ni kamar ƙanwarta. Ita ta ce in kwantar da hankalina, jegona a wuyanta yake. Sai kurkunu ya sauka a garin. Ku ba ku san shi ba, ku gode Allah. Daga ruwan tabki ake samunsa, ƙafa ta kumbura ta fashe, tsutsa fara doguwa ta leƙo, a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan kaɗan, mutum yana kwance sai ya yi wata biyu. Kuma ba ya zuwa sai lokacin noma. A shekarar nan gida ɗaɗɗaya ne ba a jin nishi. Yaya Habsu ƙafa biyu ya kama ta, babban ɗanta ma ya kwanta. A cikin wannan hali na sauka, kuma ba ɗaya ba, biyu. Hassana da Usaini, yau na rubuta sunanku ƙiri-ƙiri, ku yafe wa ƴar Fulani. Na zubar da jini mai yawa, kuma da aka gama ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. In na miƙe sai duniya ta juya. Ungozoma ta yi mini wanka har suna, daga nan ita ma tsinke ya hau ƙafarta.

Washegarin suna da asuba na ji ana fasa ice a tsakar gida. Na ce wace mai albarka ce wannan Allah ya turo mini. Da aka ɗaga asabari sai ga babanku da ƙaton tukunya yana tururi, da damin ganyen runhu a hamata.

"Me zan gani haka?" na ce.

"Kukun Madam ne. Tashi, Fillo, ruwa zai huce."

"Ka rufa mini asiri! In wani ya leƙo fa?"

"In ya leƙo ya kama mini tukunya."

Haka aka fara. Ya ɗauke ni cak ya zaunar a bayan ɗaki, ya juya baya har in gama. Ya dama kunun kanwa. Ya wanke tsummoki ya shanya a cikin ɗaki don kada a gani. Kuma ba ni kaɗai ba, in ya sauke tuwo sai ya kai wa Yaya Habsu da yaranta, don su ma ba mai tuƙa musu. Daka ce kawai ta gagare shi da farko, hatsi rabi a turmi rabi a ƙasa, kaji suka yi ƙiba a shekarar. In ya gama duk wannan sai ya saɓi hauya ya ruga gona, rana ta riga ta ɗaga.

To a nan matsalar take. Gandu ɗaya muke, Nomau ne babba. Dokar gandu kuwa kun san ta, kowane namiji ya fita da sassafe ya yi aikin gida har azahar, sannan ya ci daga rumbun gida. Hannu huɗu ake da su a da, har da Yaya Habsu da babban ɗanta, kurkunu ya bar biyu, ɗayan kuma yana zuwa a makare ya tafi da wuri. Ciyawa ba ta jiran kowa. Kada ku ce Baba Nomau mugu ne. Mutum ne da yake kallon hatsinsa yana nutsewa a cikin haki, ga bakuna cike da gida. Ya yi haƙuri, ya yi gunaguni, har ranar da babanku ya daɗe a gona ni kuma na rarrafa zan sauke ruwan zafi da kaina. Tukunya ta goce ta zubo mini a hannu. Tabon da kuke gani a damtsena kenan, wanda na ce muku na ƙuruciya ne. Babanku ya dawo ya tarar da ni kwance a bakin murhu, ku biyun kuna ɗaki kun yi kuka har murya ta dishe. Daga ranar bai ƙara yin nisa da gida ba. Kuma ya daina ɓoyewa, tsummoki suka fito kan darni.

Nomau ya san da takardar nan ta murfin adaka, ta ubansu ce. Wata ranar Juma'a ya aiko a ba shi, babanku ya ɓamɓare ya ba da, bai kawo komai a ransa ba. Ashe wurin mushen lakol ya kai ta, wato malamin makarantar boko, wani mutumin kirki daga Maradi, ya ce ya karanta masa abin da ke ƙasa. Mushe ya karanta ya yi dariya, ya ce ai wannan ba kuku ba ne, mijin matar ne. Ya ce tsohon zane ne ƙwarai, an buga irinsu a Faransa tun kafin Nasara su taka ƙasar nan, ana sayarwa don a yi wa mutane dariya, kuma wannan an yi shi ne don a kunyata namijin da mace ta hau kansa. Mushe bai san abin da ake ciki a gidanmu ba. Bayan an sauko daga masallaci Nomau ya soke takardar da ƙaya a jikin ceɗiyar da dattawa suke zama, ya faɗa wa kowa abin da mushe ya ce. Yana ganin in kunya ta kama ƙanensa a gaban maza zai dawo gona. Wanda ya ba ni labarin ya ce sai da wurin ya cika, kowa yana leƙe yana kwashewa. Nomau ya ce:

"Isa, zo ka gani. Har Nasaran da tsoho ya yi wa bauta sun san wanga abu abin dariya ne. Ga ka nan an zana tun ba a haife ka ba."

Sunansa kenan na rubuta, karo na farko a rayuwata, kuma ba da bakina ba, da bakin wansa. Aka ce babanku ya matsa ya daɗe yana kallon takardar. Ni na san abin ya soke shi, ba don kansa ba, don tsohonsu, shekara da shekaru yana kallon zanen nan da girma ashe ba'a ce. Amma da ya juyo sai ya ce:

"Gaskiyarku, Yaya, dole a yi masa dariya. Ku dubi yadda ya riƙe ɗan mutane kamar wanda ya kamo zakara. Kuma wutar nan ta yi yawa, miyar ta kama. Wanga bai samu mai koya masa ba."

Wasu suka yi dariya da shi, wasu suka yi masa. Ya zare ƙayar, ya naɗe takardarsa ya sa aljihu ya dawo gida. Da safe zai tafi rijiya, Hassana tana ta rigima, sai ya ce in ba shi zane da majanyi. Na ce ba zan bayar ba. Ya ɗauka da kansa, ya duƙa, ya ce in ɗora masa ke, Hassana, in gyara wuyanki. Na ɗora ina kuka. Haka ya ratsa tsakiyar gari, tulu a kai, ke a baya, ƙafafunki biyu sun leƙo ta gefen haƙarƙarinsa. Yara suka bi shi da tafi. A bakin rijiya mata suka rufe baki da gyale, sai wata tsohuwa da ake ce wa Ta Kudu ta ɗingiso ta kwance majanyin ta sake ɗaure masa, tana faɗa, wai in zai yi abu ya yi shi daidai, ƙulli a kan ƙirji ake yi ba a kan tumbi ba. Daga ranar sunansa ya koma Mai Goyo, kuma da shi aka binne shi. A ranar ne kuma aka fara cewa na ba shi wani abu ya ci. Ni da ba na iya zuwa bayan ɗaki da ƙafata, ina na ga boka?

Bari in ɗan tsaya a kan takardun nan. Gara ta cinye su duka sai guda, tana wurin Hassana. Da ta zama malamar lakol ta bincika, ta ce mini irinsu ba iyaka, kuma kusan duk abu ɗaya suke faɗa, mace in ana neman ta sai yanga da kwaɗayi, in an aure ta sai mulki, namiji kuma ko wawa ne a durƙushe ko bawa ne a madafa. Na ce mata to ashe masu zanen nan da ƴan gindin ceɗiyarmu uwarsu ɗaya. Ban ƙi su ba, sun iya zane, kuma su ne suka yi mini dalilin aure. Amma ban ga wanda ya zana dalilin da ya sa mutumin ya ɗauki ludayi ba. Wa ya sani ko matar nan mai wando likita za ta?

Lokacin maimai ya zo, noma na biyu, wanda in aka rasa shi an rasa shekara. Da la'asar Nomau ya shigo sashenmu, abin da bai saba ba, ya tsaya daga bakin ƙofa. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Bai ɗaga murya ba.

"Isa, gobe za a shiga gonar kwari. Ga raƙumin Ɗan Tambai na yi magana, a ɗora yarinyar nan da ɗiyanta a kai ta wurin danginta, su yi jinyarta kamar yadda kowa yake yi. Kai kuma ka fito da asuba ka tsaya har a tashi."

"Yaya, tafiyar kwanaki ce cikin ruwa. Ko zama ba ta iya daɗewa. Ungozoma ta ce in aka ɗora ta ba za ta kai ba."

"Rai na Allah ne."

"Na Allah ne, amma a hannuna ya ba ni ajiya."

"To ka ji. In rana ta fito ban gan ka a kwari ba, na kira dattawa a raba. Ba zan noma wa ƙato yana gida yana dama kunu ba. Na sha wannan gorin ina yaro, ba zan sha shi da furfura ba."

Abin da ya biyo baya kun san shi, ko kun san rabinsa. An raba. Dattawa suka ce wanda ya tsaya wa gona a shekarar wahala shi ke da zaɓi, Nomau ya ɗauki kwari, aka ba mu jigawar nan ta hanyar Gazawa da ko ƙaya sai ta yi niyya take fitowa. Rabonmu na hatsi bai kai mu sanyi ba. Mun ci tafasa, mun ci yaɗiya, babanku ya yi cirani a Katsina yana ɗaukar kaya a tasha. Wansa ya yi shekaru ba ya amsa gaisuwarsa, kuma wannan ya fi yunwar yi masa zafi, don yana son Nomau kamar me. Sai da Yaya Habsu ta yi ta faɗa, tana cewa ita ma tuwon Isa ne ya raya ta, sannan suka shirya. Ranar jana'izar babanku kun ga yadda Baba Nomau ya riƙe makara ya ƙi ba kowa. Don haka ban yarda ɗayanku ya riƙe ɗiyan Nomau a zuciya ba. Gonarsu ce, halal. Kai kuma Mutari, kai da kake lissafin kwandunan tumatir, shekara biyar bayan wannan aka haife ka. Da an ɗora ni a raƙumin nan, ban san wa zai zauna bayan darni yana maganar maza ba.

Abin da ba ku sani ba shi ne ni na roƙe shi ya tafi gonar. A daren nan, bayan Nomau ya fita, na kama ƙafar babanku, na ce ya yi wa Allah ya fita da asuba. Na ce na ji sauƙi, ƙarya nake. Na ce ya ajiye mini ruwa da fura kusa da gado, zan iya. Na ce ba zan iya zama a garin nan ana nuna ni ana cewa ga wadda ta raba ƴan uwa ba, kuma ɗiyan nan gona za su ci ba goyo ba. Na yi masa Hausa, ta ƙare, na koma Fulatanci da ba ya ji. Yana zaune yana jijjiga Usaini. Daga ƙarshe ya ce:

"Na ji, Fillo. Allah ya kai mu."

Da asuba ina jinsa ya yi salla. Bai hura wuta ba. Na ji ya zaro hauya daga jikin rumbu, babbar hauyar gandu wadda ubansu ya bari, na ji ƙarar ƙyauren kara, na ji takunsa yana nisa har ya ɓace. Na ce alhamdu lillahi, ya ji magana. Sai kuma na fashe da kuka kamar ba ni ce na roƙa ba. Kada ku tambaye ni, ni ma ban sani ba, ina murna ya tafi kuma ina jin an bar ni. Gari ya yi haske, ku biyun kuka farka a tare kamar kun yi shawara. Na ba Hassana nono, na ba Usaini, babu abin kirki a ciki. Ƙwaryar ruwa tana can bakin ƙofa, na manta ban ce ya matso da ita ba. Na sauko daga gado na dafa bango na miƙe, taku biyu ƙafa ta lanƙwashe, na zube. Ina nan kwance, kumatu a ƙasa, ina kallon ƙwaryar nan, ina tunanin yadda zan kai azahar.

Sai na ji ƙyaure ya motsa. Na ji an ajiye ice, na ji ana hura wuta, fu, fu, hayaƙi ya fara shigowa ta ƙasan asabari. Aka ɗaga asabarin. Ya tsaya yana kallona a ƙasa, raɓa ta jiƙe wandonsa har gwiwa, hannunsa babu komai. Ya duƙa ya ɗauke ni ya mayar kan gado, ya kawo ruwan ya riƙe mini kai har na sha.

"Ina hauyar?" na ce.

"Na kai wa Yaya har kwari. Ta gida ce, kada ya neme ta."

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Ya karɓa."

Ya juya fuska ya share da hannun riga. Sannan ya ɗauki Usaini da ke ta ihu ya saɓa a kafaɗa, ya dube ni ya ce:

"To Madam, yau kunu za a fara ko wanka?"